Zauren Tambaya: Yaron da ya naushi rafali, sai kotu ko a ƙare a zauren dagaci?

Tun da aka gama girbi, filayen makarantun firamare suka cika da gasar cin kofi, wasiƙun da ke zuwa mana suka koma kan magana ɗaya, wato dukan alƙalin wasa. Mun zaɓi kaɗan daga ciki. Lauya da mai horar da alƙalan wasa ne suka haɗu suka amsa. Mun cire sunaye, tunda akwai yara a cikin maganar.

Assalamu alaikum. Ni ne sakataren gasar matasa ta ƙauyukanmu. A wasan kusa da na ƙarshe rafali ya ba wani yaro ɗan shekara 16 jan kati, yaron ya juyo ya naushe shi a baki, haƙorin gaba ya karye. Rafali ya ce sai caji ofis. Dattawa sun ce abin fili a fili yake ƙarewa, kuma ai yaro ne. Wa ke da gaskiya?
— Sakataren gasa, daga ƙasar Gaya

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Rafali ke da gaskiya, ko da yake ba a rasa abin ɗauka a maganar dattawa ba.

Duk ɗan wasan da ya shiga fili ya yarda da abin da ƙwallo ta gāda: kafaɗa, takun ƙafa, karo wajen tsalle. Shi ya sa ba a kai ƙarar wanda ya karya wani wajen neman ƙwallo. Naushi kuwa ba ya cikin ƙwallo ko tsakanin 'yan wasa, balle ga mai usur, wanda bai zo ya yi takara da kowa ba. Tokar da kuka zagaye fili da ita ba ta tsayar da dokar ƙasa.

Kundin Final Kod, wato dokar hukunta laifuka da jihohin Arewa suka gāda tun 1960, ya raba rauni gida biyu. Akwai rauni na yau da kullum, kamar kumburi, ƙujewa da fashewar leɓe, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara ɗaya ko biyan tara. Akwai kuma mummunan rauni, wanda sashe na 241 ya lissafa: rasa gani ko ji, nakasa wata gaɓa, tabon da ya ɓata fuska har abada, karaya ko gocewar ƙashi ko haƙori, da duk raunin da ya sa rai cikin haɗari ko ya hana mutum harkokinsa har kwana 20. Ka lura, haƙori yana cikin jerin da sunansa. Abin da ya faru a filinku ke nan, kuma ga baligi sashe na 247 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai. Da dutse ko gora ko wuƙa aka sa, da sashe na 248 ake magana, inda mummunan rauni ke kai shekara 14.

Kada ku yi mamaki idan aka ce tunzura yaron aka yi. Doka tana sassautawa idan tunzurawar mai tsanani ce kuma ta ba-zata. Amma jan kati aikin da kuka ɗauko mutumin ya yi ne, da wuya alƙali ya karɓe shi a matsayin tsokana. Inda lissafi ke canzawa shi ne idan rafalin ya zagi iyayen yaron ko shi ya fara kai hannu.

Sai maganar shekaru, inda dattawa suka tsaya. Sashe na 50 ya ce ɗan ƙasa da shekara bakwai ba ya laifi. Daga bakwai zuwa ƙasa da 12 sai an duba ko hankalinsa ya kai ya san abin da ya aikata. Daga 12 zuwa sama yana ɗaukar alhakin aikinsa. Ɗan 16 ya wuce wannan katangar da nisa. Abin da ƙuruciya ke canzawa shi ne hanyar da za a bi da shi. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, wadda Jigawa ta yi irin tata a 2021, Kano kuma a 2023, ta ware wa 'yan ƙasa da 18 tsarin shari'a na daban. A tsarin na tarayya 'yan sanda da mai gabatar da ƙara suna da ikon kashe ƙaramar magana ba tare da zaman kotu ba, ta hanyar sulhu, biyan wanda aka cuta da sa ido kan yaron. Idan ta je kotu, alƙali yana iya sallamarsa da sharaɗi, ko ya sa shi ƙarƙashin kulawar jami'in walwala, ko ya sa uba ya biya diyya, ko, idan abin ya yi muni, ya tura shi gidan gyaran yara irin na Goron Dutse. Kurkukun manya ba wurinsa ba ne. Mutanenmu da sun ji "ƙara" sai su hango ankwa da shekaru a gidan yari, daga nan sai kowa ya tashi kare yaro.

Ga inda muka ja namu layin. Zagi, ture, fizge kati, cakumar riga ba tare da rauni ba, wannan aikin kwamiti ne da iyaye, kai shi caji ofis ɓata lokaci ne da ɓata yaro. Da zarar jini ya fita, ko ƙashi ko haƙori ya taɓu, ko mutum ya suma, a rubuta rahoto wurin 'yan sanda, sannan a yi sulhun a ƙarƙashin wannan rahoton idan wanda aka cuta ya yarda. Idan kuwa an sa makami, ko an yi masa taron dangi, ko an tare shi a hanya bayan an tashi, ko yaron ya taɓa yi, to a bar kotu ta yi aikinta.

Dalilin da ya sa muke nacewa kan rahoto ko da sulhu za a yi: sulhun baka yakan mutu cikin mako biyu. Ranar farko uba zai kai dubu biyar da lemo asibiti, kowa ya ce madalla. Ranar da likitan haƙori ya faɗi kuɗin gyara, sai a fara cewa ai an riga an yafe. Kuma yafiyar ta rafali ce. Dagaci yana iya roƙo, ba ya iya yafe haƙorin da ba a bakinsa yake ba.

Mun riga mun dakatar da yaro daga gasar, ƙungiyarsa kuma ta biya tara. Idan aka kai shi kotu ba an hukunta shi sau biyu ke nan ba?
— Ɗan kwamiti, Jahun

A'a. Abin da sashe na 36 na tsarin mulki ya hana shi ne kotu ta sake yi wa mutum shari'a kan laifin da wata kotu ta riga ta yanke. Kwamitin gasa ba kotu ba ne. Ku kun hukunta karya dokar wasa, kotu za ta duba raunin da aka yi wa mutum.

Abin dubawa shi ne ko dakatarwar taku tana da nauyi. Kundin ladabtarwa na FIFA ya sa aƙalla wasa 15 ga wanda ya kai wa jami'in wasa hannu, aƙalla wasa 10 ga wanda ya yi masa barazana. Gasar ƙauye duka-duka wasa biyar ko shida ƙungiya ke bugawa, saboda haka "mun kore shi daga gasar" ga wanda aka riga aka fitar a wasan kusa da na ƙarshe ba komai ba ne. Mako mai zuwa zai sa rigar wata ƙungiya a gasar ƙauyen gaba da wani laƙabi. Ku yanke hukuncin da watanni, ku rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa, ku aika wa masu shirya gasa na maƙwabta da hukumar ƙwallo ta ƙaramar hukuma.

Ina busa wasannin matasa a garuruwan da ke kewaye da mu. Ba a taɓa ni ba tukuna, amma an sha zagaye ni. Idan ta faru, me zan yi daki-daki don kada haƙƙina ya salwanta?
— Alƙalin wasa, Ringim

Malam Alƙali, fara da abin da ke gaban dukan. Yawancin naushi yana zuwa ne cikin daƙiƙun da suka biyo bayan kati. Kada ka bi yaro da gudu kana ɗaga kati, kada ka tura masa shi a fuska. Ka busa, ka ja da baya taku biyu ko uku, ka tsaya ta yadda ba kowa a bayanka, ka kira shi shi kaɗai. Kada ka sunkuyar da kai kana rubutu alhali yana kusa da kai. Ka bari ya juya tukuna. Idan ka ga ɗaga katin zai tayar da wuta, rahotonka ya isa a hukunta shi.

In an taɓa ka, wasa ya ƙare. Doka ta 5 cikin dokokin ƙwallo 17 ta ba ka ikon dakatar da wasa ko soke shi gaba ɗaya, kuma ikonka yana nan tun shigarka duba fili har fitarka bayan an tashi. Za a zo ana cewa "Malam, yi haƙuri a ƙarasa, saura minti goma." Kada ka yarda. Wanda aka doka a ka ba ya cikin hayyacin yanke hukunci, kuma ci gaba da wasan shi ne hujjar farko da za a kawo cewa ba abin da ya same ka. Kada ka rama. Kare kai halal ne gwargwadon abin da zai tsayar da harin, amma in ka bi yaro ka rama bayan an raba, an koma faɗa, kai da shi za a rubuta.

Daga fili sai asibitin gwamnati, a ranar, ba kemis ba, ba wurin mai ɗori ba. Mai ɗori yana iya gyara hannu, amma ba ya ba da hoton ƙashi ko takardar da kotu za ta karɓa. Ka sa a buɗe maka kati, ka gaya wa likita abin da aka doke ka da shi da lokacin, ka tabbata an rubuta. Idan ciwon ya hana ka aiki, ka riƙa komawa ana rubutawa, don kwana 20 ɗin nan da muka ambata da takarda ake tabbatar da shi. Duk rasit ka ajiye, har na mota.

Dukan kai shi ne abin tsoro. Ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne, siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Tana iya fashewa mutum ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya yi magana lafiya, jinin yana taruwa a hankali, bayan sa'o'i ya faɗi. Saboda haka kada ka tuƙa babur da kanka, kada ka kwana kai kaɗai, a sa maka ido kwana biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a saba ba, ruɗewa, jijjiga, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, ko ɗaya aka gani a wuce babban asibiti a Kano ko Dutse, ko da tsakar dare ne. Farasitamol ya isa; a guji asfirin da ibufurofen a wannan lokacin, suna iya ƙara zubar jini. Haƙorin da ya fita ɗungurungum a ɗauke shi ta kansa, ba ta saiwa ba, a sa shi cikin madara, a kai wa likitan haƙori cikin sa'a guda. Marin da ya sa kunne ƙara ko toshewa, kada a ɗiga masa mai ko ruwa.

Rahotonka ka rubuta shi a daren, kafin labari ya fara sauyawa a bakin mutane: minti nawa, ci nawa, lambar riga, abin da ka busa, abin da ya faɗa, da wane hannu, a ina ya same ka. Abin da ka gani kawai, ban da "na san dama ba ya ƙaunata." Masu tuta su rubuta nasu daban. Kwafi ɗaya ga kwamiti, ɗaya ga ƙungiyar alƙalan wasa idan kana da rajista, ɗaya a hannunka. Rigar da ta yage ko ta ɓaci da jini kada a wanke.

Abu biyu ne suka fi kashe irin wannan ƙarar. Na farko takardar sunayen 'yan wasa. Za ka duba lamba 6 ka tarar an rubuta "Kante", ba sunan yanka, ba na uba, kuma duk garin ba wanda zai ce ya san shi. Ka ƙi busa wasan da ba a cike takardar da cikakkun sunaye ba. Na biyu bidiyo. Wanda ya zaga WhatsApp ya dusashe, an yanke shi, ba a san mai ɗauka ba. Ka nemi wanda ya ɗauka, ka roƙe shi kada ya goge na asali, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da aka ɗauka da ita. Kuma kada kai ka sa fuskar yaron a Facebook ko TikTok. Doka tana kare sirrin yaron da ake tuhuma.

Idan caji ofis suka yi ta ja maka rai, kana iya shigar da ƙara kai tsaye a kotun majistare.

Ɗana ɗan shekara 15 yana cikin waɗanda aka kama bayan an doki mai tuta. Yau kwana uku yana caji ofis tare da manya, an ce mu kawo kuɗin beli. Shi ya ce rabiya ya shiga. Ku taimaka min da shawara.
— Mahaifiya, Birnin Kudu

Hajiya, Allah Ya kawo mafita. Kwana uku ya wuce ƙa'ida. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Beli a caji ofis kyauta ne, abin da ake nema shi ne mai tsaya masa. Haɗa yaro ɗaki ɗaya da manya kuma ya saɓa wa dokar yara.

Gobe da sassafe mahaifinsa ko kawunsa ya je da mai unguwa su nemi ganin DPO da kansa, da shaidar shekaru a hannu: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, in babu katin rigakafi ko shaidar rajistar firamare. Wadda aka yi tun yana ƙarami ta fi takardar rantsuwar da aka yanko jiya ƙarfi nesa ba kusa ba. A nan ne masu rage shekaru don ƙwallo suke shiga uku, ɗan 22 mai buga gasar 'yan ƙasa da 17 ba katin gasa kotu za ta duba ba. Ku gaya wa yaron kada ya dangwala hannu a kan bayanin da ba a karanta masa da Hausa ba, kuma ya nemi a ɗauki bayanin a gaban babbansa ko lauya. In ba ku da halin lauya, hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya tana da ofis a Dutse, kyauta take yi. Idan aka ce za a riƙe uban a madadin wani yaron da ya gudu, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana.

Game da rabiya, kasancewa a wurin kawai ba laifi ba ne. Amma sashe na 79 na Final Kod ya ce idan mutane suka yi aiki da niyya ɗaya, kowa yana ɗaukar laifin kamar shi kaɗai ya yi, har wanda ya riƙe hannu wani ya doka. Saboda haka ku nemi masu shaida biyu waɗanda ba danginku ba, da bidiyo in akwai. Mu ma fa, Hajiya, ba mu ji daga ɗaya ɓangaren ba. Ko yaya ta kasance, ku aika manya su duba mai tutar. Dubiya kawai, ban da "ka janye ƙara" a zuwan farko.

A shari'ar Musulunci mene ne hukuncin wannan? Na ji ana cewa yaro ba shi da ƙisasi.
— Malamin Islamiyya, Sumaila

Allah gafarta Malam, haka ne, amma da sauran bayani. Aya ta 45 cikin Suratul Ma'ida ta ambaci haƙori da haƙori, raunuka kuma ƙisasi, sannan ta kwaɗaitar da yafiya. A mazhabar Malikiyya ba a yi wa wanda bai balaga ba ƙisasi, gangancinsa hukuncin kuskure yake ɗauka. Sai dai kuskure ba ya kayar da diyya. Diyyar haƙori ɗaya raƙuma biyar ce, wato kashi ɗaya cikin 20 na cikakkiyar diyya, dinari 50 ke nan na zinariya, sama da giram 200. Ido ɗaya rabin diyya ne. Dangin uba suna ɗaukar abin da ya kai sulusin diyya; abin da bai kai ba, kamar haƙori, yana kan dukiyar wanda ya yi. Mari da bai bar rauni ba, a mashahurin zance babu ƙisasi, sai ladabtarwa gwargwadon ganin alƙali.

Wurin da mutane ke tuntuɓe shi ne ma'anar "yaro". A fiƙihu balaga da alamominta ake gane ta, shekara 18 sai idan alamomin ba su bayyana ba. Ɗan 16 mai gemu-gemu da ke buga tsakiya, mai yiwuwa mukallafi ne, wato baligin da hukunci ya hau kansa, a wurin malamai, alhali dokar yara tana kallonsa yaro. Kano da Jigawa suna da kotunan shari'a masu sauraren laifuka tun 2000, saboda haka masu cewa "a kai kotun Musulunci ta fi sauƙi" su yi lissafi tukuna. Amfanin sanin adadin diyya ko a zauren sulhu shi ne, wanda zai yafe ya san girman abin da ya yafe, uban yaro kuma ya daina ganin kuɗin asibiti a matsayin alfarma.

Anya ba ku zuzuta abin ba? Naushi ɗaya ne fa na yaro. Kuma wallahi wasu alƙalan sayar da wasa suke yi, su suke jawo wa kansu.
— Mai horar da yara, Bichi

Koci, naushi ɗaya ne ya kashe Ricardo Portillo a jihar Yuta ta Amurka a 2013. Katin gargaɗi ya ba wani gola ɗan shekara 17, golan ya naushe shi a ka, ya yi mako guda a sume ya rasu. Yaron ya amsa laifi a kotun yara aka tsare shi. A watan Disamba na 2012, a garin Almere na ƙasar Holan, matasa 'yan 15 da 16 suka tattake Richard Nieuwenhuizen, mai tuta na sa-kai ɗan shekara 41, a wasan da ɗansa ke bugawa. Ya tashi da ƙafarsa, bayan sa'o'i ya faɗi, washegari ya cika. A 2013 kotu ta yanke wa yaran tsarewar da ta kai shekara biyu, mahaifin ɗaya daga cikinsu da ya sa ƙafa a dukan ya samu shekara shida. Faransa tun 2006 ta sa alƙalin wasa cikin masu yi wa jama'a hidima a idon doka, wanda ya doke shi hukuncinsa ya fi na dukan wani nauyi. Mu ba mu da irin wannan tanadin a Final Kod, kuma a ganinmu ba shi ne abin da muka rasa ba. Dokar da ke akwai ma ba a kai mata ƙara.

Maganar sayar da wasa ba mu musa ba, akwai masu yi, musamman inda ƙungiyar gida ce ke biyan rafali kuma ana caca a bakin fili. Maganinsa ƙorafi a rubuce, kwamiti ya zauna, a cire shi daga jerin masu busawa, a sake wasa in ta kama. Duka ba ya dawo da ƙwallon da aka hana, kuma na kirkin ne suke fara ajiye usur, a bar ku da waɗanda kuɗin ya isa su jure.

Ka lura da hukuncin Holan, babba ya fi yara shan nauyi, kuma haka ya kamata. Yaro ba ya kai hannu sai ya ji minti 80 ana ihun "ɓarawo" daga bencinsa. Wanda ya ce "ku dake shi" aka kuma daka, sashe na 83 na Final Kod da na bayansa sun sa shi cikin masu zuga laifi, shi kuwa ba shi da rigar ƙuruciya. Ƙungiya ma tana biya: a kakar 2022 an cire wa Kano Pillars maki saboda tarzoma da taɓa jami'an wasa, ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu.

Idan an zaɓi sulhu, me za a rubuta? Kuma me za mu gyara kafin gasar baɗi?
— Wakilin dagaci, daga ƙasar Gumel

Ranka ya daɗe, takardar ta ƙunshi amsa laifin yaron da bakinsa, jimillar kuɗin magani har da wanda likita ya ce za a kashe nan gaba, ladan kwanakin da mutumin ya rasa na sana'arsa, ranakun biya, sunan wanda ya tsaya, da tsawon dakatarwa. Uba, rafali, shugaban kwamiti da dagaci su sa hannu, kwafi ya je caji ofis. Kada a janye rahoto sai an biya kashi na ƙarshe. Ban-haƙuri a yi shi a filin da aka yi dukan, gaban jama'a, kafin a take wasa na gaba. Idan ana son aikin horo, a ba shi zuba tokar layi da ɗebo ruwan 'yan wasa har ƙarshen gasa.

Na baɗi kuwa, ku fara da agogo. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida. In aka take wasa 4:15 bayan la'asar, minti 45 sau biyu da hutun 15 ya kai ku ƙarfe shida daidai, bugun fenareti sai a duhu, lokacin da ba a gane fuskar mai jifa. Ku mayar da shi minti 35 sau biyu da hutun 10, ku rubuta a dokar gasa tun kafin a fara. Ku ɗauko rafali daga garin da ba ya cikin wasan, kwamiti ya biya shi kafin a take, ba ƙungiya ba. Kowace ƙungiya ta ajiye kuɗin jingina da za ta rasa idan ɗan wasanta ko magoyinta ya taɓa jami'i. A ja igiya taku uku daga layi, magoya bayan kowane gari a nasu gefen, 'yan sintiri suna fuskantar jama'a, ba suna kallon ƙwallo ba. Kyaftin kaɗai ke zuwa wurin rafali neman bayani, kamar yadda aka yi a gasar Turai ta 2024. Wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe a sanar da DPO a rubuce mako guda kafin ranar. Babur ɗin da zai ɗauki alƙalan a ajiye shi bayan teburin kwamiti, kansa yana kallon hanya, mai tuƙin yana kusa tun saura minti biyar a tashi.